Baturiyar Motata da Kazar Iya Mai Daddawa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar mahaifiyata a mota daga Birnin Kudu zuwa ƙauyensu da ke bayan Fagam, ya san abin da ake kira haƙuri. Ni ne ɗanta na fari, ni kaɗai ne kuma mai mota a gidanmu a lokacin, saboda haka a kaina wannan jarrabawa take ƙarewa. Tafiyar da direban haya zai yi ya dawo kafin azahar, mu sai mu fita da hantsi mu isa ana kiran la'asar. Dalili guda ne: Inna ba ta wuce gari ba tare da ta ce a tsaya a tambayi hanya ba.

A tambayi hanya fa! Matar da aka haifa a can, ta yi tallan gyaɗa a can, aka ɗauko ta amarya a kan wannan hanyar tun ba a zuba mata kwalta ba. Ko ɗaure mata ido aka yi za ta gaya maka inda kowane rami yake. Amma da mun shiga Gwaram sai in ji daga kujerar baya: "Kai, tsaya mu tambayi hanya." Ba ta faɗar sunana, don ɗan fari ne ni, "kai" ɗin nan shi ne sunana a bakinta. Sai in taka birki. A tambayi mai goro hanya, a tambayi wata tsohuwa mai sayar da igiya, kowanne ya kwashe mana rabin awa.

Duk waɗannan masu sauƙi ne a kan Iya mai daddawa. Iya ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda yana can kudu neman kuɗi, ita da surukarta ne a gida. Tana zama gindin wata tsamiya a bakin kwalta, tsakanin Gwaram da Fagam, da faifan daddawarta a gaba. In muka iso, Inna za ta fito ta tsaya a kanta ta yi sallama, ta ce, "Don Allah baiwar Allah, ina hanyar Fagam?" Iya kuma, ko murmushi babu, ta ce, "Ai kina kanta. Amma sha ruwa tukuna." Shi ke nan an zauna. Awa guda cur, wani lokaci har da ɗoriya, ana lissafa wanda ya mutu da wanda ya haihu. In za a tashi, Inna ta sayi daddawar da gidan biki ba zai iya cinyewa ba, in ga hannunta ya shige ƙarƙashin faifai ya fito. Ni ina cikin mota ina korar ƙuda, ina cika ina batsewa. Warin daddawar kuwa sai ya yi mako a kujeru.

Abin da ya fi ba ni haushi, gidan Iya yana nan bayan tsamiyar, ana hango dangarsa. Wata rana na kasa daurewa na ce, "Inna, in ziyara ce mu shiga gida mana a zauna kamar mutane, maimakon wannan zaman bakin titi." Ta ce, "Mu masu wucewa ne." Ni kuma na ɗauka irin rigimar tsofaffi ce.

A shekarar da Allah ya nufi Inna da sauke farali, ta dawo da tsaraba, aka raba wa dangi da maƙwabta har da waɗanda ba su zo sannu da zuwa ba. Ƙunshi guda ya rage, a ɗaure cikin farin ƙyalle: 'yar gorar zamzam, dabino, carbi, kwalli da sallaya. Na Iya ne. Na ce a ba direban Fagam ya miƙa mata, tunda kullum ta gabanta yake wucewa. Inna ta ce a'a, hannu da hannu za ta ba ta. Ni kuma kayan gini nake sayarwa, rani lokacin cinikina ne, sai yau in ce gobe, gobe in ce jibi. Ƙunshin nan ya yi wata da watanni a kan adakarta. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. In na shiga gaishe ta da safe dai, bayan an gama gaisuwa, sai ta ce, "Tsarabar Iya fa tana nan."

Ana cikin haka na shiga Kano saro kaya. Ko da yake an yanke mana jiharmu, an ce Dutse ce babban birninmu, har yau in mutumin Birnin Kudu ya ce zai shiga birni to Kano yake nufi. A kasuwar Sabon Gari na tsaya sayen batirin waya, sai na ga wani abu a shagon, bai fi sabulun wanki girma ba, da gilashi a fuskarsa. Mai shagon ya ce na'urar nuna hanya ce, da tauraron ɗan'adam take aiki. Ya kunna, sai ga titunan Kano kwance a ciki, ga 'yar kibiya wai mu ne. Sai kuma wata mata ta yi magana da Turanci ta hanci.

"Alhaji," in ji shi, "in kana da wannan, ka gama tambayar hanya har abada."

Wallahi ba Kano na tuna ba, ba Bauchi ba. Inna na tuna. Na ga kaina ina wuce mai goron Gwaram a guje, in ta ce a tsaya in nuna mata gilashi in ce ga hanya nan an riga an tambayo. Ko tayi na kirki ban yi ba, na biya, ya manna mini ita a gilashin gaba da wata roba mai tsotso, ya cusa wayarta a ramin kunna taba.

Tun ranar ta fara nuna mini halinta. Juma'a ce, na ce ta fitar da ni zuwa titin da zai kai ni Wudil. Ta yi ta lanƙwasa ni lungu-lungu har ta tura hancin motata cikin wani layi da aka rufe da tabarmi, mutane sun yi sahu ana jiran liman. Na yi ta baya da mota ina ba da haƙuri, dattawa suna bi na da harara, ita kuwa tana ta nanata cewa in miƙe. Ga robar nan, da rana ta buge ta sai ta saki. Duk ramin da na faɗa, sai na'urar ta faɗo a kan cinyata tana ci gaba da surutu. Direbobin tasharmu suka sa mata suna Baturiya. In na zo wucewa sai su ɗaga murya: "Alhaji, ina Baturiya ta ce a je yau?"

Ba zan zalunce ta ba, a kan manyan hanyoyi tana da rana. Ta kai ni Bauchi, ta kai ni Jos har ƙofar wani kamfanin kwano da na daɗe ina ɓata wajen nemansa. Amma ta wajenmu ba ta san komai ba. Kangire babu, Unguwar 'Ya babu. Da an sauka daga kwalta sai fuskarta ta zama fari fat, kibiyar tana yawo ita kaɗai kamar ƙuda a cikin nono. Da na koma na yi wa mai shagon ƙorafi, sai ya koya mini wata dabara: in na bi hanyar da ba ta sani ba, in danna wani wuri, za ta zana hanyar da jan zare ta ajiye, duk ranar da na so ta maimaita mini.

Kafin ranin ya ƙare kuwa na sami damar gwadawa. Na kai wa Kawu, yayan Inna, kwanon rufi can ƙauyensu, ni kaɗai. Da na wuce Gwaram kaɗan na ga wani ɗan acaɓa ya sauka daga kwalta ya yanki daji, na bi bayansa. Hanya shar, ƙasa a bushe, gonaki an girbe sai kututturen kara. Kafin in ankara ga ni a ƙofar gidan Kawu. Ba tsamiya, ba daddawa, ba kowa. Na danna, Baturiya ta ajiye jan zarenta, ni kuma na dawo gida baki har kunne.

Da damina ta tsaya sosai, gero ya kai ƙirji, sai Kawu ya aiko cewa an yi masa jika mace, kuma sunan Inna za a sa mata. Wannan ba tafiyar da zan ce gobe ba ce. Na tsara abina: mu fita da sassafe, mu ci suna, mu dawo kafin magariba, don washegari ina da motar siminti da za a sauke. Inna ta shiga baya ta zauna, farin ƙunshin nan a kan cinyarta, ta riƙe shi da hannu biyu.

A Gwaram ta ce a tsaya. Na ƙara wa Baturiya murya na yi kamar ban ji ba. Ba ta maimaita ba. Da muka iso inda jan zaren ya bar kwalta, Baturiya ta ce in karya hagu, na karya.

"Kai, ina za ka?"

"Gajeriyar hanya ce, Inna. Yanzu za ki gan mu a gida."

Ta leƙa ta taga. "Wannan ai hanyar rani ce."

"Ga ta nan a na'ura, ni da kaina na bi ta."

"Na'urar ta san an yi shuka?"

Na ce mata na'urar da tauraron ɗan'adam take gani, daga sama. Har yanzu in na tuna na faɗi wannan magana da bakina sai in ji kamar in mari kaina.

Sai Inna ta ce, "Ɗan aiken Kawunka ya gaya wa Iya yau zan wuce. Tana can tana jira."

"A dawowa ma tsaya, Inna. Ai tsarabar ba guduwa za ta yi ba."

Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce mene ne hanyar rani. In an gama girbi an kwashe amfani, gona ta zama ta kowa: shanu su bi, amalanke ta bi, babur da mota su bi, har sawu ya kwanta ya zama hanya sosai. Ranar da ruwan shuka ya sauka kuwa, mai gona ya karɓi abinsa, ya sa garma ya tayar da kunyoyi a kan sawun, hanya ta mutu sai wani ranin. Ba wanda yake kafa allo, don ba wanda yake buƙatar a gaya masa. Ni ma na sani. Abin da yake ƙona mini rai ke nan. Na yi noma da hannuna kafin in san ƙofar shago, amma jan zare a gilashi ya sa na ajiye hankalina a aljihu.

Da farko akwai 'yar hanya tsakanin gonaki, ganyen gero yana sharar ƙofofin motar. Sai ta fara tsukewa. Sai na ji motar tana hawa tana sauka, alamar kan kunyoyi nake. Maimakon in tsaya, sai na ƙara wuta, wai in tsallake wurin da sauri in tarar da hanya a gaba. Na kwantar da gero layi-layi kafin tayoyin gaba su nutse a wata laka. Na sa giyar baya, tayoyi suka yi ta juyawa a wuri guda suna feshin taɓo. Mota ta kafe a tsakiyar gonar mutum.

Na fito, takalmina ya shige har idon sawu. Ina tsaye ina kallon ɓarnar da na yi sai ga mai gonar ya ratso ta cikin gero, dattijo ne siriri, fartanya a kafaɗa. Ya dubi motar, ya dubi geronsa a kwance, ya dube ni da farar shaddata. Bai ko yi sallama ba.

"Malam, lafiyarka kuwa?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Hanya ce ta kawo ni."

"Wace hanya?"

Na ciro na'urar na nuna masa. Ya kawo fuskarsa kusa, ya daɗe yana kallo. "Wannan jan zaren," in ji shi, "shi ya yi huɗar nan ko ni?"

Daidai lokacin Baturiya ta ga dama ta yi magana. Ya ja da baya. "Me take cewa?"

"Ta ce in miƙe."

"To miƙe mana. Me ka tsaya yi?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya ce shi ba zai yi musu da ni ba, a bar motar yadda take, a kira mai unguwa ya zo ya ga ɓarna da idonsa, kamar yadda ake yi in shanu sun shiga gona. Ya ƙara da cewa shanu ma sun fi ni uzuri, don su ci suke yi. Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan mayar masa, sai na ji an sauke gilashin baya.

"Sannu da aiki, Malam," in ji Inna. "Ya damina?"

Ya amsa a daƙile. Ta tambaye shi ko shi ɗan gidan wane ne, mai rijiya a ƙofar gida. Ya ce jikansa ne. Ta ce to ai kakarsa ta wajen uba da kakarta uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ta shiga jero masa mutanen gidansu, na raye da na ƙasa, har da wadda ta yi wa uwarsa wankan jego. Kafin ta gama, mutumin nan ya ajiye fartanya ya durƙusa a cikin laka yana cewa, "Hajiya, ashe ke ce! Ai ban gane ki ba." Ni dai ina tsaye da na'urata a hannu, ba wanda ya ƙara bi ta kaina.

Ya ce maganar mai unguwa ta wuce albarkacin Hajiya. Ya tafi ya zo da bijiman huɗarsa biyu da igiya. Sau uku igiyar tana tsinkewa. Ana cikin ja hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, muka jiƙe sharkaf ni da shi da shanun. Sai bayan azahar motar ta fito. Hanyar da muka shigo ta zama caɓi, ba dama a koma kwalta, sai ya nuna mana wani burtali mai tsakuwa da ya zagaya ta bayan duwatsu ya faɗa ƙauyen su Inna. Wato dai tsamiyar Iya ta tsere mana gaba ɗaya. Duk tsawon burtalin Baturiya tana faɗa mini in juya, ni kuma ina zaginta a zuci.

Mun isa la'asar sakaliya, mata sun fara watsewa, an ci an sha an ba takwarar Inna sunanta ba ita. Labari kuma ya riga mu isa, don ƙauye ba ya ɓoye irin wannan. Kawu ya tarbe ni da cewa, "Sannu da zuwa, manomi. An ce yau da mota ka yi maimai." Dole muka kwana, motar siminti kuwa ta san inda ta nufa. Ƙunshin dai yana hannun Inna, ko da za ta yi sallah a gefen sallayarta take ajiye shi.

Da safe na bi kwalta kamar kowane mai hankali. Tun daga nesa na fara rage gudu, ba tare da an ce mini "kai" ba. Amma gindin tsamiya wayam, ba tabarma, ba faifai. Wata mai ƙosai da ke tsallaken titi ta taso ta gaishe da Inna, ta ce ai jiya Iya tun da sassafe ta fito, ta sa zanenta na fita unguwa. Duk motar da ta ji ta rage gudu sai ta miƙe tsaye. Da hadari ya taso an yi an yi ta shiga gida ta ƙi, ta ce kada Hajiya ta zo ta tarar ba kowa. A nan ruwan ya dake ta. Yanzu tana ciki, zazzaɓi ya rufe ta, gwiwoyi sun ƙi takuwa.

Inna ta daɗe a zaune tana kallon dangar gidan. Ni kuma da wautata na ce, "To mu shiga mana, Inna, ga gidan nan."

Ta dube ni ta madubi. "Shekara nawa kana kawo ni nan? Ka taɓa ganin na shiga?" Ta buɗe ƙofa ta fita, na bi ta a baya.

Ban taɓa sanin haka gidan yake ba. Danga ta kwanta ta gefe guda an tokare ta da itace. Ɗaki biyu, ɗaya rufinsa ya rufta. Rumbu a buɗe, ana ganin ƙasansa, ga shi lokacin da sabon hatsi bai iso ba tsohon kuma ya ƙare. Ba akuya, ba tunkiya. Kaza ɗaya ce wake-wake take tono a gindin turmi.

Inna ta yi sallama. Surukar Iya ta fito da sauri tana gyara mayafi, daga cikin ɗaki kuma muka ji murya tana rawa: "Wa nake ji? Hajiya a cikin gidana? Lale marhabin da baƙi! Shimfiɗa musu sabuwar tabarma." Iya ta rarrafo bakin ƙofa tana dafa bango. Ba ta ce komai game da jiya ba, ko da wasa. Inna ta kwance ƙunshin ta sa mata a hannu. Iya ta shafa sallayar, ta ja carbin, ta kurɓi zamzam ta shafa ragowar ɗigon a gwiwoyinta, tana hawaye tana dariya. Na ce a raina, to alhamdu lillahi, tsaraba ta isa, sai mu kama hanya.

Sai Iya ta juya wajen surukarta. "Kamo kazar nan."

Inna ta yi wuf ta ce, "Haba Iya, wallahi a ƙoshe muke, daga gidan suna fa muke. Wucewa za mu yi."

"Mai wucewa a bakin titi yake tsayawa," in ji Iya. "Yau kin yi sallama kin shigo. Ki dawo daga Makka ki tako gidana, ki fita da ruwan randa? Me za a ce da ni a garin nan?"

Surukar ta matso ta yi ƙasa da murya, amma na ji. "Iya, ita kaɗai ta rage. Kuma ƙwai take yi."

"Na ce ki kamo ta."

A nan ne kaina ya waye, bayan shekara da shekaru ina tsaki a cikin mota. Wanda ya tsaya tambayar hanya, ruwa kawai ake ba shi, ba wanda zai ce an gaza. Wanda ya shigo gida kuwa baƙo ne, dole a ɗora masa tukunya, ko da abin da ya rage ke nan a gidan. Inna ta san abin da ke cikin rumbun ƙawarta, Iya ma ta san ta sani. Shi ya sa suka yi ta wasan tambayar hanyar nan, su ga juna, su sha hira, a sayi daddawa, a tura abin da za a tura ƙarƙashin faifai, kowa ya tashi da mutuncinsa. Ni ne na zo da Baturiyata na rushe musu.

Na sunkuya wajen Inna na ce bari in ruga Gwaram in sayo nama. Kallon da ta yi mini ya isa, na koma na zauna. Surukar ta bi kazar ta kama, ta tsaya tana waige-waige. Mazan unguwa duk suna gona. Iya ta ce, "Ga ɗana nan, ai namiji ne. Ba shi wuƙa."

Haka aka miƙo mini wuƙa. Na kai kazar bayan rumbu, na taka fukafukanta da ƙafafunta, na fuskanci gabas, na yi bisimilla na yanka. Ina wanke wuƙar na ga surukar ta fita da kwano a ƙarƙashin mayafi, ta dawo da shi da 'yar shinkafa daga maƙwabta.

Muka zauna har aka gama, su biyun suna hirarsu ta wanda ya mutu da wanda ya haihu, karon farko kuma ban duba agogo ba. Aka kawo mini nawa kwanon daban. Iya ta sa an zuba mini cinya guda, da ƙwayayen da aka tarar a cikin kazar, jajaye, manya da ƙanana, waɗanda da za ta yi ta sakawa a kwanakin nan. Ta ce wannan rabon babban baƙo ne. Na tsaya ina kallon kwanon. Inna ta ce a hankali, ba ta ko kalle ni ba, "Cinye. Kada ka rage mata komai." Na cinye tas, Iya tana ta sa mini albarka, wai na kawo mata Hajiya har cikin gida.

A mota na kasa haƙuri. Na ce, "Inna, gobe zan aiko mata da kaji goma da buhun gero."

"Ka biya ta kuɗin abincinta ke nan?" in ji ta. "Bayan wanda ka yi, ka ƙara mata da wannan?"

Muna zuwa inda jan zaren ya bar kwalta, Baturiya ta farka ta ce in karya in shiga. Na fizge wayarta daga ramin, na jefa ta ƙarƙashin kujera. Har muka shiga Birnin Kudu ɗanɗanon ƙwan nan bai bar bakina ba.